Moton da ya kwana kusa da bijimina

Shekarun baya can, shekara biyu ko uku bayan babban farin da ya cinye mana dabbobi, wani mutum ya so ya raba ni da bijimina, saura ƙiris kuma in taimake shi da hannuna. Abin da ya tuno min shi ne jikana, magidanci da gemunsa, ya zo yana nuna min hoton wani moto a waya, wai mai araha ne, wai an yi shi don doguwar tafiya, yana hawa tudu yana keta daji. Na ce ya zauna ya ji. Da na gama ba shi sai ya ce in rubuta muku a nan. To ga shi, da hannuna nake rubutawa, a hankali, don ni sai da na aurar da ƴaƴa biyu kafin in riƙe alƙalami.

A lokacin muna wani ƙauye tsakanin Dungas da Guci. Shanun da mahaifina ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki duk fari ya kashe su a gabana, ɗaya bayan ɗaya, sai ɗan maraƙi guda da uwarsa ta mutu ta bari. Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce. Da tunkuza da ruwan tsari na raya shi. Akwai watan da a ɗakina yake kwana, don in na bar shi a waje ba ya iya tashi da safe sai an ɗaga shi. Mata suna min dariya, suna cewa na haifi ɗa mai ƙaho. Ban kula su ba. Ya girma ya zama jan bijimi mai tozo kamar tulu, in ya tsaya a turke sai baƙo ya rage tafiya ya kalla.

Mijina ɗan koli ne. Allura, zare, kwalli, madubi, turare, su yake ɗauka a ka yana bin kasuwanni: yau Guci, gobe Dungas, jibi Dogo-Dogo, wani lokaci har Mallawa. Jakinsa ma farin ya tafi da shi, saboda haka a ƙasa yake tafiya cikin rairayi. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma in ka ce masa ka ga kifi a kan bishiya sai ya tambaye ka wace bishiya. Ni kuwa akasinsa ce. Yana cewa ko ruwan rijiyarmu sai na shinshina kafin in sha.

Wata ranar kasuwa sai ga shi ya dawo gida a bayan moto, abin da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka ke kira babur. A zamanin nan ba ma ganin moto sai in malamin gona ya zo daga Magarya. Ja ne, an goge shi yana walƙiya, an ɗaura wa madubinsa tuntu. Mai shi wani dogo ne mai farin haƙori da agogo a hannu. Tun kafin ya gama gaisawa da maza ya yi sallama ya leƙo ta danga.

"Uwargida, sannu da aiki. Ke ce mai man nan da ake labari? Wallahi tun daga Dungas aka ce min duk ƙasar nan ba mai fitar da mai irin naki. Matata ta ce kada in koma gida ba da shi ba."

Ni da nake taƙama ba a ruɗa ni, sai ga ni ina gyara ɗaurin kallabi. Na cika masa kwalba har wuya, na toshe da totuwa da tsumman tsohon zanena, na ƙara masa ƙuli-ƙuli gyara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da ya tafi mijina ya faɗa min maganar. Mutumin yana son rabuwa da moton, kuma ba ya neman kuɗi. Bijimin yake so, a yi musaya, kowa ya kama nasa.

Na ce, "Wane bijimi?"

"Bijimi nawa ne a gidan?"

"Ɗaya ne, kuma da mai shi."

Ya san nawa ne, bai taɓa musu ba. Roƙo ya zo yi, kuma bai iya roƙo ba.

Mutumin ya sake zuwa bayan kwana huɗu, ya sake sayen mai, ya sake yabo. Wannan karon na bar tuƙa tunkuza na tsaya a bakin danga ina kallo, sai na fara ganin abubuwa. In ya iso, moton da zafinsa yake isowa, kuma ba ya barinsa ya huce. Ana cikin hira sai ya miƙe ya tada shi, wai don yara su ji ƙara. In zai gwada wa mijina gudu, ba ya bin hanyar Guci mai rairayi, wadda ita ce mijina zai riƙa bi. Sai ya kai shi faƙon da ke bayan tabki, inda ƙasa take da tauri kamar daɓe. Sannan duk lokacin da ya janye shi daga inda ya jingine, sai ya sa ƙafa ya share wurin, kamar kaza mai tono. Yana yi yana magana, yana dariya, idonsa a kan mutane, ƙafar tana aikinta. Akwai kuma wani ƙauri da ke binsa, kamar na suyar ƙosai da ta ƙone. Na ɗauka a rigarsa ne, na ce mutumin nan maciyin kasuwa ne.

Na ɗaga murya daga inda nake. "Bawan Allah, abin nan me yake ci?"

"Isansi, uwargida, man fetur. Ɗan kaɗan, kamar tsuntsu."

"A ina ake samu?"

"Magarya, ko a tsallaka iyaka."

"Wato kafin ya kai mijina kasuwa sai mijina ya je masa cefane Magarya. To in ya yi ciwo wa ke duba shi?"

"Ai ba ya ciwo. Da shi na je Damagaram na dawo, ko tari bai yi ba."

"Ikon Allah. Kana da abin da ba ya ciwo, ba ya tari, kake son ka ba da shi ka karɓi abin da ke cin harawa, yana zawo, ƙuda na binsa? Kai kuwa wane irin mai tausayi ne?"

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce shi ɗan makiyaya ne, zuciyarsa tana wurin dabba. Ya zaro wata takarda mai hatimi ya ɗaga, wai ta duwan ce, wato kwastan, jandarma ba zai taɓa tare mijina ba. A duk waɗanda ke wurin ba mai karanta boko. Muka kalli takarda, takarda ta kalle mu.

Da la'asar mijina ya zauna a gindin rumbu ya tuɓe takalmin tayarsa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji daɗi, don na fi shi iyawa. Ƙafarsa kawai ya miƙo min. Dunduniya duk faso, wani har da jini, gwiwar dama a kumbure.

Ya ce, "Shekara nawa muna tare, na taɓa roƙonki ko tsinke? In na isa Mallawa kasuwa ta riga ta watse rabi. Na gaji, wallahi na gaji. Ba don in burge kowa ba ne."

Na san da ɗan burgewa a ciki, amma gwiwar ba ƙarya take ba. Na kalli bijimi yana tuƙa a turke, na kalli ƙafar. Nan ne wurin da na kusa cewa ya kwance shi.

Abin da ya tsayar da ni tuna mahaifina ne. Shi dillalin shanu ne, tun ina ƙarama nake kai masa fura kara, wato kasuwar shanu. Bai taɓa yarda ya sayi dabba da tsakar rana ba, bayan an ba ta kanwa ta sha ruwa cikinta ya cika. Sai ya bi ta gida ya ga inda ta kwana, ya duba kashin da ta yi, ya tsaya a tashe ta a gabansa ya ga da wace ƙafa take fara miƙewa. Kuma na lura mai moton nan, ɗan makiyayan gaske, haka ya yi wa bijimina: ya buɗe masa baki, ya ɗaga kofato, ya tona kashinsa da kara. Shi ya duba nawa ciki da waje, mu kuwa muna kallon tuntun madubi.

Na ce wa mijina, "Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Moton zai kwana a gidan nan."

Ran zuwan mai moton na uku maza sun taru a ƙofar gida don a shaida musaya. Ya sayi mansa kamar kullum, na cika masa kamar kullum. Sai na faɗi sharaɗina a gaban kowa.

Haƙoran nan suka ɓuya. "Haba uwargida, ai abin ƙarfe ba ya son raɓa."

"Bazara muke, raɓa ta ina? In ma ta sauko zan lulluɓe shi da zanen aurena."

"Awaki za su ci wayoyinsa."

"Zan ɗaure awakin. In ka ga dama in ɗaure yaran ma."

"Ni gobe da sassafe nake da tafiya."

"Da sassafe za a yi komai. Kai ka ga inda bijimina ke kwana, har kashinsa ka tona. Ni ma ina so in ga inda naka ke kwana. Ko akwai abin da yake yi in ya kwanta da ba ka so a gani?"

Wan mijina, dattijo ne da ba ya yawan magana, ya ce, "Maganar yarinyar nan a kan hanya take." Sauran suka ce haka ne. Ba yadda zai yi. Ya turo moton da kansa har tsakar gida, ya zaɓi wuri mai rairayi kusa da turke ya kafe shi, wan mijina ya ja mutumin zaurensa don ya kwana can. Suna fita, tun rana ba ta faɗi ba, na shiga ɗaki na ciro farin faranti daga cikin jerena, na tura shi ƙarƙashin cikin moton. Ban san me nake nema ba. Na dai san duk abin da ƙafar nan ke binnewa, gobe a farantina zai sauka.

Da gari ya waye na fito da tsintsiya, abin da na fara gani layin kiyashi ne. Sun taso daga gindin rumbu, sun bi ta gefen turke, sun nufi ƙarƙashin moton kamar an gayyace su suna. Na durƙusa na jawo faranti. Ya tara wani baƙin abu mai kauri, kiyashi sun kewaye bakinsa, wasu sun faɗa ciki. Ni ban san inji ba, amma na san kiyashi. Ba sa bin kananzir, ba sa bin kwalta. Abin ci suke bi.

Na tsoma yatsa na murza. Na kai hanci. Na ɗan taɓa a harshe, Allah ya yafe min. A ƙarƙashin ɗacin da ƙaurin, ga shi nan. Ni ina barin gyaɗata ta yi ja a tukunya fiye da na sauran mata, shi ya sa maina ke da ƙamshinsa daban. Ko a cikin duhu aka miƙo min zan gane shi. Na zagaya na ɗaga wani buhu da aka ɗaure a bayan sirdin. Kwalabe biyu, ba komai a ciki, da totuwar da na yanka da hannuna da tsumman zanena.

Na zauna a ƙasa daɓas. Ba mutumin na fara jin haushi ba, kaina na fara ji. Ni mai shinshina ruwan rijiya. Sau uku ina cika masa kwalba har wuya, ina ƙara masa ƙuli-ƙuli, ina murmushi kamar amarya, ashe ni ce ke ciyar da abin da za a cuce ni da shi. In ya bar ƙauyenmu sai ya tsaya a bayan tudu ya ɗura masa.

Na rufe farantin da faifai na ajiye a bayan turmi. Ban gaya wa mijina ba. Wannan kuskure ne, zan zo kansa.

Rana ta ɗan ɗago maza suka shigo. Mutumin ya iso da sauri, idonsa ya fara sauka a ƙasan moton, ya ga rairayi fes, sai haƙora suka dawo.

Na ce, "Bismillah. A tashe shi mu ga da wace ƙafa yake miƙewa."

Ya hau ya taka. Shiru. Ya sake takawa. Moton ya yi wani gurnani kamar tsoho mai majina ya koma barci. Ya taka, ya taka, har hularsa ta faɗi, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Bijimina yana tsaye a gefe yana kallonsa yana tuƙa.

"Sanyi ne ya kama shi," in ji shi.

Wan mijina ya kalli sama. "Sanyi?"

"A ɗan tura min shi waje kawai, yanzu zai tashi."

Na ce, "A'a, ba a tura baƙo da yunwa. Bai karya ba ne. Bari in kawo masa abin da ya saba."

Na ɗauko faranti na ajiye a tsakiyarsu na buɗe faifai, da kiyashin da komai. Na ɗora kwalabe biyun a gefe. Na ce wa wan mijina, "Yaya, shinshina ka ji." Ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shinshina. Wani ya ce, "Wannan ai a soya ƙosai." Dariya ta ɓarke, wani har da riƙe danga.

Mutumin ya fara rantsuwa, ya ga ba ta karɓuwa, ya dawo lallashi. Wai ƴar tsagewa ce kaɗan a cikin injin, wai makanisiye mai gyaran inji a Magarya zai liƙe shi cikin yini ɗaya, wai baƙin mai ba ya samuwa a ƙauye shi ya sa yake cikawa da nawa, kuma ai mai mai ne.

Na ce, "To madalla. Matarka da kake saya wa mai, ashe ga ta nan tsaye da ƙafa biyu. Ka kai ta gida tana jin jiki. In kun isa ka ce mai man tana gaishe ta."

Haka ya fita yana tura shi. Ƙauyenmu rairayi ne ta ko'ina, saboda haka mun daɗe muna hango shi.

Kowa ya yi dariya a ranar ban da mutum ɗaya. Mijina yana tsaye a bakin rumbu, hannu a baya, yana kallon ƙasa. Ni ina can ina jin daɗin bakina, ban lura rabin dariyar a kansa take sauka ba: shi ya kawo mutumin, shi ya yi ta yabon moton a masallaci. Da na kira shi tun da safe na nuna masa farantin mu biyu, da shi zai fita ya kori mutumin da bakinsa, ya riƙe girmansa. Amma ina so a ga wayona, don in rufe wautar da na yi ta cika kwalba. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ci gaba da ɗaukar kolinsa a ka yana ɗingishi, ni kuma in bi bayansa da ido har ya ɓace.

A rana ta huɗu na ce masa, "Malam, bijimin nan ya ci ya ƙoshi, zaman banza yake. A koya masa ja." Bai ce a'a ba. Da kaka shi da wansa suka haɗa aka samo amalanke. Ya sha wuya kafin bijimin ya yarda da karkiya, don ɗan gata ne, ni na lalata shi. Daga baya ya saba. Ba ya gudu, amma rairayi ba ya tsayar da shi, kuma yana ɗaukar koli da mai koli da buhunan mutane.

Bayan wasu watanni, wata ranar kasuwar Guci, sai na ji ƙarar amalanke tun azahar ba ta yi ba. Na ce a raina ko gwiwar ce. Sai na ji muryarsa daga waje.

"Ke! Fito ki gaida baƙonki!"

Na fito da muciya a hannu. Ga jan moton nan kwance a kan amalanke, an ɗaure shi da igiya kamar ragon da za a kai kasuwa, tuntun madubi yana lilo. A gefensa wani bawan Allah daga wajen Mallawa yana zaune ya rafka tagumi. Dokinsa ya bayar ya karɓe shi. Mijina ya tsince su a tsakiyar hanya, injin ya ƙame ƙam, za su kai shi Dungas a nemi motar Magarya. Hanyarsu ba ta biyo ta ƙofar gidanmu ba. Mijina ne ya karkato da gangan.

Ya sunkuyo ya rage murya don kada mutumin ya ji. "Na shinshina. Wannan karon ba naki ba ne, na wata ne. Bai kai naki ƙamshi ba."

Ya ɗan taɓa bijimin da tsumagiya suka wuce. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan har ya bar duniya. Na kai wa mutumin Mallawa ruwa da gudu kafin su yi nisa, don shi ba abin dariya ba ne.

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zaune da sa'o'in ƴaƴana, har na iya karatu. Yanzu in jikana ya miƙo min wayarsa ina karanta duk abin da aka rubuta a kan moto, da ƙarfinsa da araharsa. Ban ce ƙarya ne ba. Amma na ce masa wanda ya rubuta shi ne mai sayarwa. Na ce ka je da sassafe ka dafa injin da hannunka ka ji da sanyi, a tashe shi a gabanka. Ka duba ƙasan da ya kwana. Ka hau shi a hanyar da za ka riƙa bi, da kayan da za ka riƙa ɗauka, ba a hanyar da mai shi ya zaɓa ba. Ka tambayi wanda zai gyara shi a garinku tun bai lalace ba. In mai shi ya ƙi ɗaya daga ciki, ka yi masa sallama. In kuma ka gano wani abu, kada ka tara jama'a a kan wanda ya raka ka.

Mijina bai taɓa mallakar moto ba. Wani lokaci in na ga tsofaffi sa'o'insa a bayan ƴaƴansu iska na kaɗa musu riga, sai in tuna shi, don na san ya so. Bijimin ya yi mana shekaru yana ja kafin ya tsufa.

Ni dai abin da mai moton nan ya bar min shi ne wannan: har yau in baƙo ya shigo ya fara yabon girkina kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, sai in ji wuyana ya juya da kansa ina leƙen turke. Turken kuwa ya fi shekara talatin ba komai a kansa.